Wai sai an kawo ingarman Turai kafin dokin Damargu ya yi gudu?

Tun da bidiyon tseren dawakin Turai ya fara yawo a wayoyin matasa, wata magana ta samu gindin zama a majalisun Tanut da Belbeji. Wai dawakinmu sun lalace, jininsu ya tsufa, kuma mafita ɗaya ce: hukuma ta shigo da ingarmun Turai su baye goɗiyoyinmu. Masu buga cacar dawaki ta PMU, waɗanda suka haddace sunan filayen tsere irin su Longchamp da Auteuil alhali ba su taɓa riƙe ragama ba, su ne kan gaba a wannan fatawa. Zancen caca mu bar wa malamai, sun riga sun faɗi hukuncinta. Zancen jinin ne ya dame ni, domin a nan aka yi wa tarihi hawan ƙawara.

Dokin tseren nan da 'yan PMU suka sani da pur-sang, ubanninsa ba Turawa ba ne. Duk wanda ke gudu yau a Faransa ko Ingila ko Amurka, in ka bi salsalarsa ta wajen uba, za ka tuƙe ga ɗaya daga cikin ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen gabas. Na farko, Byerley Turk, dokin yaƙi ne, wani hafsan Ingila ya hau shi a fagen daga a 1690. Na biyu, Darley Arabian, a Halab ta ƙasar Sham aka saye shi a 1704. Na uku, Godolphin Arabian, ta Tunis ya bi zuwa Faransa kafin ya isa Ingila wajen 1729, har wasu na cewa ba Balarabe ba ne, irin dawakin Arewacin Afirka ne. In haka ne kuwa, dangin na turkenmu ne, domin yawancin dawakin Sahel ta can suka gangaro. An haɗa waɗannan baƙi da goɗiyoyin Ingila, aka samu iri.

Abin da Ingilishi suka ƙara ba jini ba ne, littafi ne. A 1791 wani mai suna James Weatherby ya fara tattara sunan kowace goɗiya, da ingarman da ya baye ta, da ɗan da ta haifa. Har gobe ana riƙe da wannan rajista. Doki ba ya shiga sai uwarsa da ubansa suna ciki, kuma a yau sai an gwada ƙwayar halittarsa an tabbatar. Ga kuma filin da aka auna, ga alƙalai, ga sakamako a rubuce. Wanda ya yi gudu a ba shi goɗiyoyi, wanda ya kasa a fiɗiye shi. Eclipse, wanda aka haifa a shekarar husufin rana ta 1764, ya shiga tsere 18 ba wanda ya sha gabansa, sai kowa ya kai masa goɗiyarsa. Shi ya sa binciken da aka yi a Dublin a 2001 ya gano kusan kashi 95 cikin 100 na waɗannan dawaki, ta wajen uba, ga kakansa Darley Arabian suke komawa.

Manomin Damargu ya fi kowa sanin wannan aiki. Geron nan namu ankutes ba daga sama ya faɗo ba. Kaka da kakanni ne suka riƙa ware zangarniyar da ta nuna da wuri a shekarar da ruwa ya ɗauke, suna ajiye ta iri, shekara bayan shekara, har aka samu geron da ya san damina gajera. Kai shi ƙasar da ruwa ya wadata, wani gero mai doguwar zangarniya zai fi shi cika rumbu. Kawo wancan mai doguwar zangarniya gonakin Gangara ko Tarka, ruwa zai ɗauke yana ciki bai ko fitar da kai ba. To wanne ne ya lalace? Babu. Kowanne an tace shi ne don abu guda, kuma duk abin da ka zaɓa shekara ɗari uku, ka bar wani abu a baya.

Turawa gudu suka zaɓa, gudun minti biyu zuwa uku. Sun kuwa same shi. Ranar 9 ga Yunin 1973, a filin Belmont da ke New York, wani jan doki mai suna Secretariat ya cinye wajen mita 2,400 cikin minti 2 da daƙiƙa 24, wato kilomita 60 a awa tun daga tashi har isowa. Ya bar na biyu da tsawon doki 31. Mai kyamara sai da ya ja baya sosai kafin sauran su shigo hoto. Fiye da shekara hamsin ke nan ba wanda ya karya wannan lokaci a tseren, duk da kuɗi da magunguna da likitoci. Frankel, dokin Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, ya yi tsere 14 tsakanin 2010 da 2012, ya ci 14. Da ya koma baye a 2013, fam 125,000 aka riƙa biya kan kowace goɗiya, sama da miliyan 90 na sefa. Masu cewa a kawo mana irinsa, ga farashin baye ɗaya a wancan lokaci.

Abin da aka bari a baya shi ne ƙwari. Dabba ce mai nauyin kusan kilo 500 a kan ƙwauri siriri. A tseren Kentucky Derby na 2008, wata goɗiya, Eight Belles, ta zo ta biyu, ta wuce layi kaɗan sai ƙafafunta na gaba biyu suka karye, nan take aka yi mata allurar mutuwa a gaban dubban 'yan kallo. Kuma asali ba ya ba da tabbaci. A 2006 an sayi wani dukushi mai suna The Green Monkey kan dala miliyan 16 saboda asalinsa da saurin da ya nuna a gwaji. Sau uku ya shiga tsere, ko sau ɗaya bai ci ba.

Ni dai labarin Red Rum ya fi burge ni. Doki ne da aka sayar da araha yana dukushi, ga ciwon ƙashi a cikin kofato. Wanda ya hore shi, Ginger McCain, dillalin tsofaffin motoci ne a garin Southport, bargarsa tana bayan wurin sayar da motocin. Ba shi da filin ciyawa, sai ya riƙa yi masa kilisa a rairayin bakin teku, dokin yana shiga ruwan gishiri, ɗingishin ya tafi. Tseren Grand National na Aintree kusan kilomita 7 ne, da shinge 30 da za a tsallake. A 1973 wani ƙaton doki daga Ostareliya, Crisp, ya yi wa kowa fintinkau, har shingen ƙarshe yana gaba da tsawon doki wajen 15. Amma an ɗora masa nauyin da ya fi na Red Rum da kilo 10. Ƙafafunsa suka fara sassarfa, ya soma tangaɗi, Red Rum yana cin tazarar taku bayan taku, ya wuce shi saura ƙiris a kai layi. Ya sake ci a 1974 da 1977, ya zo na biyu a 1975 da 1976. Fiɗiyayye ne, bai bar ɗa ko ɗaya ba. Numfashi da zuciya da horo a kan rairayi suka yi masa aiki. Teku ce ba mu da ita, rairayi kam sai dai mu ba wasu.

Mai karatu ya lura da shekarar: 1973. Lokacin da ake tafa wa Secretariat da Red Rum, a Damargu fari ne ke share garke. Wanda ya rasa abin da zai sa a tukunya ba zai auna wa doki hatsi ba. Aka sayar, wasu suka mutu, 1984 ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Daga baya babur ya karɓe aikin zuwa kasuwa da gaisuwar mutuwa. Wannan shi ne abin da ya sami dokinmu, ba tsufan jini ba.

Da can ba haka ake kallonsa ba. Damargu tana kan hanyar ayari ce tsakanin Abzin da Damagaram da Kano, kuma ɗan Azbin doki ne da sarakunan ƙasar Hausa ke alfahari da shi a barga. Na Bagazam kuwa, manyan Abzinawa har nonon raƙumi suke ba shi. An tace su ne don su wuni suna tafiya cikin rana, su sha ruwa in an samu rijiya, gobe su tashi. A duniya ma akwai tseren irin wannan, kilomita 160 a yini ɗaya, kuma dawakin Larabawa ne ke mamaye shi, ba pur-sang ba.

A ce ma an kawo ingarman. Dokin tsere da ke cikin horo yana cin wajen kilo 7 na hatsi a rana, kusan tiya uku, ban da harawa da ingirici, ga ruwa lita 40 ko fiye. A garin da mata ke kwana a layin famfo cikin watan Afrilu, wa zai fara sha? Damina kuma ta zo da 'yan ƙananan ƙwarin nan masu cizo da dare, masu ɗauke da annobar dawaki ta Afirka, wadda kan kashe har tara cikin goma na baƙin dawakin da jikinsu bai san ta ba. Masu wasan folo a Najeriya da ke sayo dawaki daga Ajantina sun sha wannan asara. Ba a ce haɗa iri haramun ba ne. A filayen sukuwa na Arewacin Najeriya ma aji-aji ake raba su, 'yan Arewa daban, Talon daban, 'yan Sudan daban, don kowa ya kara da tsaransa. Amma ruwa-biyun da ba a rubuta ba, bayan haihuwa uku ba wanda zai iya faɗa maka abin da ya ƙaru da abin da ya ɓace.

Je ka kasuwar Bakin Birji ka tsaya inda ake ɗaure dawaki. Dillali zai buɗe bakin akawal ya nuna maka haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa yaro ya zabure shi ya dawo, ya rantse maka ubansa ba a taɓa wuce shi ba. Tambaye shi wane ne uban, a mita nawa, cikin minti nawa, sai ya ce kowa ya sani. Mai kyan kuma sau da yawa baƙon da ya zo da kuɗi ne ke yin kudu da shi, a bar goɗiyoyin gari da duk ingarman da ya saura.

Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, mu kuwa gwajinmu ƙura ce da guɗa ranar Sallah, a watse ba a rubuta komai ba. Hukumomi suna tunawa da doki idan babban baƙo zai zo, a nemi mahaya su yi layi a bakin gari. Ma'aikatar kiwo tana da wakilai a Tanut da Belbeji, kuma duk shekara suna fita allurar rigakafin shanu da awaki da tumaki. Littafi ɗaya a kowace gunduma, da sunan goɗiya, da launinta, da ingarman da ya baye ta, da watan da ta haihu, ba ya buƙatar tallafin ƙasashen waje. Fili mai mita 1,600 igiya ce ke auna shi, agogon daƙiƙa kuwa yana cikin wayar da ake kallon bidiyon da ita. Sai a ƙara tsere ɗaya mai nisa lokacin sanyi, daga wani gari zuwa wani, da likitan dabbobi a kan hanya yana duba bugun zuciyar kowane doki kafin a bar shi ya ci gaba.