Lemu na Yi a Rairayi, In An San Yadda Ake Ba Shi Ruwa da Taki

A garuruwanmu na jigawa, daga Daura da Gumel har Maraɗi da Damagaram, mutane da yawa sun ɗauka lemu ba ya yi sai a fadama, ko a can Binuwai inda manyan motoci ke lodinsa zuwa kasuwar 'Yan Lemo ta Kano. Ba haka abin yake ba. Garin Timiya da ke cikin duwatsun Azbin a Nijar ya yi suna da lambunan lemu, alhali Sahara ce ta kewaye shi. Manyan gonakin lemu na jihar Florida a Amurka ma galibinsu a kan yashi suke.

Babu abin da lemu ya tsana kamar ruwa ya kwanta masa a saiwa. Ta wannan fuska rairayi gata ne, don ruwa ba ya zama a cikinsa. Aibinsa kuma a nan yake: zuba masa ruwa kamar zubawa a kwando ne, yana tsiyayewa ya tafi da takin da aka sa. Saiwoyin da lemu ke cin abinci da su kuwa ba su da zurfi, yawancinsu suna cikin santimita 60 na sama. Don haka mai lemu a rairayi ba da yawa zai riƙa bayarwa ba, kaɗan-kaɗan zai bayar, amma a kai a kai.

A fara da zaɓen dashe. A nemi ɗan aure daga mai renon itatuwa da aka yarda da shi, ko daga hukuma irin NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta Ibadan, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Ɗan aure kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, lemun zaƙin da aka shuka daga ƙwallo kuwa yana iya kai shekara 7 ko fiye, ga ƙaya birjik. A duba gaɓar auren da ido, domin wasu masu talla a bakin titi kan sayar da dashen ƙwallo da sunan ɗan aure. Wanda bai taɓa dasawa ba, ni dai shawarata ya fara da lemun tsami. Ya fi jure zafinmu, ya fi saurin haihuwa, kuma ba a rasa aikinsa a gida, daga koko har shayi.

Lokacin dashe shi ne in damina ta zauna, wajen Yuni ko Yuli. A zaɓi inda rana ke samu sosai, a bar tazarar mita 3 daga katanga, mita 5 zuwa 6 tsakanin bishiya da bishiya. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a gauraya ƙasar saman da ruɓaɓɓen taki na shanu ko awaki, a mayar, a ba shi ruwa, a bar ƙasar ta kwanta na mako 2. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara.

A wajen sa dashen a rami ne aka fi kashe lemu. Mutum zai ga rairayi na saurin bushewa, sai ya nutsa dashen can ƙasa wai don ya samu sanyi, har ya binne gaɓar auren. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ga ɓawon gindin ya tsage yana fitar da ƙaro, ganye ya yi ɗorawa, bishiyar ta bushe a tsaye. Wata cuta ce mai ruɓar da gindi, wadda ke samun hanya in jiƙaƙƙiyar ƙasa ta daɗe tana taɓa ɓawon. Don guje wa haka, a cire ledar da dashen ya zo a ciki, a ajiye shi daidai zurfin da yake a cikinta, gaɓar auren ta ɗara ƙasa da taƙi guda. Kwarin ban-ruwa kuma a yi shi zobe biyu: ƙaramin tudu kewaye da gindin, sannan babba a waje, ruwan ya tsaya a tsakaninsu ba tare da ya taɓa jikin bishiyar ba.

Da rani, sabon dashe na son bokiti guda duk bayan kwana 2, in bazara ta tsananta kuma kullum, da sassafe ko da yamma. Inda ruwa ke wuya, a binne tulun ƙasa kusa da shi, a riƙa cikawa a rufe bakin, zai riƙa tsattsafowa a hankali. Sai a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kewaye don rage bushewa, amma a janye shi kaɗan daga gindin, a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Ga wani abu da matan gida ya kamata su sani, tunda galibi su ke kusa da bishiyar. Lemu ba ya shiri da gishiri. Ruwan wanki mai omo da ruwan rijiya mai zartsi suna ƙona bakin ganyensa. Tokar murhu ma in ta yi yawa tana hana shi jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa, sai sabon ganye ya fito fari-fari, jijiyoyinsa kaɗai ne kore. In kuwa tsofaffin ganye ne suka yi ɗorawa gaba ɗaya, yawanci yunwa ce.

Takin zamani sai dashen ya kama ya fitar da sabon toho. A shekarar farko, cikin ƙaramin gwangwanin tumatir na NPK 15-15-15 ya isa a kowane zubi, sau 4 ko 5 a shekara. A barbaɗa shi nesa da gindi, daidai inda inuwar rassa ta tsaya, a bi da ruwa. Wanda ya juye na shekara a rana ɗaya, rabi zai ƙona saiwa, sauran ruwa ya wuce da shi. Duk shekara a ƙara yawansa gwargwadon girman bishiyar, a kuma ƙara takin gargajiya a farkon damina.

Sauran hidimar ba ta da yawa. A kewaye dashen da zana saboda awaki da iskar hunturu. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure a fizge shi, in ba haka ba zai rinjayi na saman. Tsutsar malam-buɗe-littafi, wadda tana ƙarama take kama da kashin tsuntsu a kan ganye, da hannu ake tsince ta. 'Ya'yan da suka fito a shekara 2 na farko a cire su, ko da rai bai so ba, don bishiyar ta yi jiki.

In an zo tsinka, kada a jira ɓawon ya yi ja irin na lemun da ake shigowa da shi daga waje. Sanyin dare ne ke sauya launin ɓawo, shi ya sa namu kan nuna yana kore. Lemu kuma ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, ba kamar mangwaro ko ayaba ba, don haka a yanka guda a ɗanɗana kafin a sauke sauran.