Kalmar "Atuni" da Magungunanta a Ƙasar Daura

A Babban Mutum, cikin yankin Ɓaure na masarautar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, duk gudawar da ta zo da jini da majina da murɗar ciki sunanta atuni. Kalmar ɗaya ce, amma ciwo biyu take ɗauke da su. Na fari ƙwayoyin cuta ke kawo shi ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Na biyu kuwa kumburin hanji ne mai daɗewa, wanda ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jiki ce ke afka wa hanji, ya lafa ya tashi, shekara da shekaru. Likitoci sun kasa shi biyu, watau gyambon babban hanji da cutar Crohn, wadda aka bayyana a 1932.

Itatuwan da aka saba nema su ne bagaruwa da sabara da marke da hano. Ukun farko suna da sinadari mai bauri, irin wanda majema ke jemar fata da shi daga 'ya'yan bagaruwa. Wannan bauri yana tsuke fatar hanji, gudawa ta ragu. Amma fa tsayar da gudawa daban, kashe kumburi daban.

Hano kuwa, wanda masana ke kira Boswellia dalzielii don girmama J. M. Dalziel, mai littafin sunayen tsirrai na Hausa na 1916, ɗan'uwan wani itace ne na Indiya da aka gwada ƙaronsa ga masu gyambon hanji a 1997. Wannan gwaji bai shafi hano kansa ba.

Shaida mafi ƙarfi ta gangamau ce, watau kurkum. A 2006, a Japan, an ba masu gyambon hanji giram 2 na sinadarinsa kullum har wata 6. Ciwon ya komo wa 2 cikin 43, alhali ya komo wa 8 cikin 39 da ba su sha ba. Lalle a lura, dukansu suna shan maganin asibiti a lokacin.

Saboda haka wajibi ne mai tattara kalmomi, in ya ji "maganin atuni", ya tambayi tsawon ciwon da yawan komowarsa. Malamin da ke koyar da kiwon lafiya kuma ya nuna wa ɗalibai cewa atunin da ya yi makonni, ko yake komowa tare da rama, na likita ne.