Sunanka a Jikin Hotonka

Duk matar da ta taɓa kai kwanon abinci gidan biki a Kwandiko ta san amfanin jan farce. Kafin kwanon ya bar gida sai ta ɗiga masa ɗan ja a gindi, domin in taro ya watse, aka jibge kwanuka wuri guda, ta gane nata. Ba ta shafe kwanon duka da ja, don kuwa a ciki za a ci abinci. Ɗigo ɗaya ya isa ya ce wannan na wance ne.

Matasanmu masu ɗaukar hoto su ne ba su koyi wannan dabara ta iyayensu mata ba. Yaro zai hau babur ya tafi Sara ko Gwaram, ya wuni a rana yana ɗaukar walimar saukar Alƙur'ani ko wasan ƙwallo, ko ya je har Dutse ya kutsa cikin ƙurar dawakai ranar hawan Sallah. Ya tura wa abokinsa hotuna uku ta WhatsApp. Kafin magariba sun hau shafukan Facebook na mutanen da bai taɓa gani ba, ana ta yabawa, ba wanda ya san hannun da ya ɗauka. Wani zai ce ai kyamara tana ajiye bayanai a cikin hoton, har da rana da irin na'urar. Haka ne, amma yawancin manhajojin tura saƙo suna kankare waɗannan bayanai yayin da suke matse hoton ya rage nauyi. Abin da ke tsira shi ne wanda aka rubuta a jikin hoton kansa. Shi ya sa masu sana'ar suke ɗora wani rubutu mai shara-shara, wanda ake karantawa kuma ana ganin abin da ke bayansa.

Dabarar ta girmi hoto da ƙarnuka. Masu yin takarda a garin Fabriyano na ƙasar Italiya ne suka fara ta wajen shekarar 1282. Sukan lanƙwasa siririyar waya ta zama wani zane, su ɗinke ta a kan rariyar da ake zuba kunun takarda. Inda wayar ta taɓa sai takardar ta ɗan fi siranta, zanen ya zauna a cikinta, ba a ganinsa sosai sai an ɗaga ta ga haske. Kakanninmu sun san wannan takarda. Irin mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, ita ce fatake suka riƙa ketowa da ita Sahara, kuma Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya tarar ana sayar da ita a Kano da ya zo a 1851. Tsofaffin Alƙur'anai da yawa na rubutun hannu a kanta aka rubuta su. Alaramma ya zuba rubutunsa da tawada da wasali a kai, tambarin bai tsone masa ido ba, amma yau bayan fiye da shekara ɗari da hamsin mai bincike zai ɗaga warƙar ya faɗi inda aka yi ta. A ganina wannan ne ma'aunin tambari mai kyau. Wanda bai taɓa ganin irinsa ba ya ɗaga takardar naira dubu ga rana.

To, yaya ake yi? Ko a kwamfuta kake aiki da Photoshop ko GIMP, wadda kyauta ce, ko a waya da Snapseed ko PixelLab, hanyar ɗaya ce. Ka buɗe hoton, ka ɗauki abin rubutu, ka rubuta sunanka ko sunan shagonka. Manhajar za ta ajiye rubutun a wani shimfiɗi na dabam da ake kira leya, kamar ka ɗora farar leda a kan hoto ka yi rubutu a kan ledar. Daga nan sai ka nemi ma'aunin kaurin rubutun, wanda ake ce wa ofasiti. Yana tashi daga sifili zuwa 100. A kan 100 rubutun ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa ruf, a kan sifili ya ɓace. In ka tsayar da shi a 30, kowane ɗigo a wurin zai zama gauraye: kashi 30 launin rubutu, kashi 70 launin hoton. Ni nakan fara daga 30 zuwa 40, in duba, in ƙara ko in rage.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Farin rubutu shi aka fi so, amma mu mutanen farar shadda ne. Ka ɗora farin rubutu mai shara-shara a kan babbar rigar ango, ya zama kamar ka zuba nono a cikin nono. Baƙi kuma ya nutse a hoton dare ko inuwar zaure. Maganin abin shi ne ka sa wa farin rubutun siririn baƙin gefe ko 'yar inuwa a bayansa, sai ya fito a kan fari da baƙi duka. Ka kuma guji rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin gayyata. Da zarar an sirantar da shi, WhatsApp kuma ya matse hoton, ko kai ba za ka karanta shi ba.

Akwai wata matsala da ta shafe mu masu rubuta Hausa. Salon haruffa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Mai suna Ɗanladi ko Ɗahiru zai ga wani ɗan akwati ya tsaya a madadin harafin farko na sunansa. Kada ka haƙura ka rubuta Danladi. Salo irin su Noto Sans da Andika suna da haruffanmu masu ƙugiya, kuma kyauta ake sauke su.

In tambarin ya yi maka, ba sai ka riƙa sake rubuta shi kullum ba. Ka yi shi a kan fili maras launi, ka adana shi a tsarin PNG, wanda ke riƙe shara-shara. In ka adana a JPEG zai cike bayan rubutun da launi, yawanci fari, ka koma ɗora wa hotunanka faci.

Sai wurin ɗorawa. Kusurwar ƙasa ta fi ladabi, amma ita ce ta fi sauƙin yankewa. Tsakiya ta fi tsaro, ta kuma fi muni. Na sha ganin hoton amarya an gitta mata sunan shago da lambar waya a goshi, kamar buhun masara a kasuwa. Wannan cin fuska ne. Ka matso da tambarin ciki kaɗan, ya taɓa wani abu mai zane, gefen darduma, linzamin doki, ko bakin riga, ta yadda mai yankewa zai yi asarar wani abu, mai gogewa kuma ya bar tabo.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa tambari kwaɗo ne. A 2017 masu bincike na kamfanin Google sun nuna cewa in tambari iri ɗaya ne a kan hotuna masu yawa, kwamfuta na iya gano siffarsa ta cire shi tas. Shawarar da suka bayar ita ce a riƙa ɗan jirkita siffarsa daga hoto zuwa hoto. Yanzu ma wayoyi da dama na zuwa da abin goge duk abin da ba a so a hoto. Abin da ya rage maka shi ne ka riƙa tura ƙaramin kwafi mai tambari, ka ɓoye babban na asali. Ranar gardama shi ne shaidarka. Doka ma tana bayanka: Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba hoto kariyar shekara 50.

Dokar nan tana da baki biyu. Masu shafukan labarai da ke tsinto hoton wani su manna nasu tambarin a kai, su sani jan farcensu suka ɗiga a kwanon maƙwabciya. Kai kuma mai kyamara, sunanka a kan hoton matar aure ba izini ba ne na yaɗa shi, sai ka tambayi masu shi tukuna. Wanda ya biya ka kuɗin aikinsa kuwa, ka miƙa masa hotonsa fes, babu tambari.