Tazarce: yadda kalma guda ta yi dakon abin da doka ta hana

A ƙarshen shekara ta 2008 ne ƴan Nijar suka fara jin wata kalma tana yawo a tarukan gangami, daga Damagaram har Yamai: tazarce. Ba a cika wata goma sha takwas ba, ranar 18 ga Fabrairu 2010, sojoji suka kifar da shugaba Tandja Mamadou. An sha ba da labarin wannan rikici, amma ita kanta kalmar ba a cika zama a dube ta ba, alhali a cikinta akwai dabarun jan hankali da malaman zaure ke kira balaga, mu kuma a lakkol aka koya mana su da sunan rhétorique.

Ga abin da ake nema a rubuce. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce wa'adi biyu ne na shekara biyar-biyar, kuma ya haramta taɓa wannan ayar. Wa'adin Tandja na biyu zai ƙare ranar 22 ga Disamba 2009. Magoya bayansa suna so a ƙara masa shekara uku, a kuma kawo sabon kundi wanda babu iyakar wa'adi a ciki. In an faɗe shi haka ɓaro-ɓaro a kasuwar Maradi, kowa zai gane cinikin. Sai aka naɗe shi cikin kalma guda.

Dabara ta farko ita ce sakaya mai aiki. A lura, ba a ce "ya zarce" ba, "ta zarce" aka ce. Wace ce ita? Gwamnati ce, ko ƙasa, ko tafiyar? Mai sauraro shi ke cike gurbin da abin da ransa ke so. Manomi ya ji zaman lafiya ne za a ci gaba da shi, ɗan kasuwa ya ji harka ce ba za ta tsaya ba. Shi kuwa mutumin da zai ci gajiyar abin ya ɓace daga jimlar, tare da shekara ukun. Kalmar ma aro ce: a Najeriya an yi ta rera ta a 1998, lokacin da ake neman Janar Sani Abacha ya tuɓe kaki ya ci gaba da mulki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a siyasarmu. Bayan babban taron ƙasa na 1991, kusan kowace jam'iyya ta kasance da suna biyu: baƙaƙen Faransanci na ofis, da kalmar Hausa ta karkara. MNSD Nassara, PNDS Tarayya, CDS Rahama, ANDP Zaman Lahiya. Wa zai tsaya a gaban jama'a ya ce shi ba ya son rahama? Kafin su duka, Sawaba ta Djibo Bakary ta riga ta nuna hanya.

Dabara ta biyu siffantawa ce, kuma a ganina ita ta fi aiki. Aka mai da ƙasa gini, shugaba kuma magini. Hujjar da aka yi ta maimaitawa ita ce a bar shi ya ƙarasa manyan ayyukan da ya soma: madatsar ruwa ta Kandaji, matatar mai ta Damagaram, gada ta biyu a Yamai, da mahaƙar uraniyom ta Imuraren. Duk wanda ya taɓa gina ɗaki ya san ba a sallamar magini ana tsakiyar rufi, ga damina ta tunkaro. Hoton yana da ƙarfi domin gaskiya ne a kan ɗaki. Inda ya karkace shi ne, ƙasa tana da ma'aikatu da kasafi da yarjejeniyoyin da ba sa mutuwa don an sauya shugaba. Siffantawa haka take: takan haska gefen da abubuwa biyu suka yi kama, ta bar sauran cikin duhu.

Sai ta uku, aron bakin jama'a. A watan Maris 2009, lokacin ziyarar Nicolas Sarkozy, Tandja ya nuna zai sauka idan wa'adinsa ya cika. Da zance ya sauya, sai aka ce talakawa ne suka roƙa. Da wannan salo mai nema ya koma wanda ake nema, mai adawa kuma ya zama yana ja da talakawa, ko da kuwa alƙali ne yana karanta doka. Haka aka rusa majalisar dokoki ranar 26 ga Mayu, aka rusa kotun tsarin mulki ta Salifou Fatimata Bazèye ranar 29 ga Yuni, bayan ta ce zaɓen raba gardamar ya saɓa wa doka.

Su ma ƴan adawa ba su zo hannu rabbana ba. Sun kira abin "juyin mulki", kalmar da ke sa mutum ya hango tankoki ko da babu ko ɗaya a kan titi. Sai dai yawancin hujjarsu ta lambar ayoyi ce da Faransanci, wadda ba ta shiga waƙa, ba ta hawa bakin maroƙi. An yi zaɓen ranar 4 ga Agusta 2009, ƴan adawa suka ƙaurace, hukumomi suka ce fiye da kashi 92 cikin ɗari sun amince. A watan Oktoba CEDEAO ta dakatar da Nijar.

Akwai wani abu a cikin kalmar da masu yayata ta ba su yi lissafi da shi ba. A Hausa "zarce" fuska biyu gare ta: ci gaba da tafiya, da kuma wuce iyaka. Fuska ta biyu ce ta yi saura. Yau idan gidan rediyo ya ce wani shugaba na neman tazarce, kamar yadda aka faɗa kan Alpha Condé na Gine a 2020, babu mai ɗaukar hakan yabo.

Su kuwa ayyukan, an buɗe gadar a 2011, aka ƙaddamar da matatar a ƙarshen wannan shekara, duka babu Tandja a kan kujera. Aikin Imuraren kamfanin Areva ya jingine shi a 2014, bisa dalilin faɗuwar farashin uraniyom a kasuwar duniya.