Ɗaukar Hoton Gonakin Ngojin a Lokacin Hunturu

Gabatarwa

Ngojin na cikin ƙaramar hukumar Potiskum ta Jihar Yobe, wadda aka ƙirƙiro a 1991. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum fiye da 200,000, ga kuma babbar kasuwar shanu mai jawo baƙi daga nesa. Yayin da jama'a ke ƙaruwa, gonakin gero da dawa da wake na bakin gari sai komawa fegi suke yi. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin da ya sa hunturu ya fi dacewa da ɗaukar hotonsu.

Me Ya Sa Hunturu?

Da damina, shuka kan rufe komai. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu an gama girbi, gona ta buɗe. A lokacin ne za a ga kunya-kunya, da tarin kara, da shanun Fulani na kiwo suna barin taki. Kuka ta zubar da ganye, gawo kuwa ya yi kore shar, domin shi da rani yake ganye. Haka kuma da rani ne magina suka fi aiki. Saboda haka hoto guda kan haɗa kututturen dawa da turakun awo da tulin bulo.

Yadda Ake Ɗauka

Hazo kan dusashe abin da ke nesa, don haka a matso kusa. A fita da hantsi ko da la'asar, lokacin da inuwa ke fito da tsarin kunya. A riƙa rufe kyamara ko waya saboda ƙura. A nemi izinin mai unguwa da mai gona tukuna. Sannan a rubuta rana da wuri, a koma daidai wurin baɗi don a kwatanta.

Kammalawa

Ɗalibin harshe na da rabo a nan. Idan gona ta zama unguwa, kalmomi irin su dami da rumbu da sassabe kan bi ta su tafi. A tambayi manomi sunan kowane abu da Hausa da Ngizimanci ko Karekare, a rubuta a ƙarƙashin hoton. Da haka jikokinsa za su san abin da ke ƙarƙashin dakalin gidansu.