Mai Rawa da Makaɗi a Tsibirin Bali

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A tsibirin Bali, gabas da Jawa cikin ƙasar Indunisiya, akwai rawar da ta juya wannan magana, watau baris tunggal, rawar jarumi shi kaɗai.

Taron makaɗan da ke yi mata kiɗa shi ake kira gamelan. Sukan kai mutum 25 ko fiye, yawancinsu suna bugun sillayen tagulla da 'yar guduma, wasu kuma manyan farantan tagulla da ke rataye. A kiɗan baris, wanda ake kira gilak, bugu takwas ne ke ta kewayawa, babban faranti yana rufe kowane zagaye. Wannan zagaye ba ya motsi. Amma abin da ke aukuwa a cikinsa a hannun mai rawa yake. In ya so, sai ya zabura, ya ɗaga kafaɗu, ya zare ido. Mai ganga, wanda ba ya ɗauke ido daga kansa, sai ya tsananta bugu, sauran makaɗa su bi shi, sa'an nan a yanke kiɗa tare da motsin a lokaci guda. Wannan yankewa ita ce angsel. Da wuri ake ba da alamarta, a daidai gurbinta cikin zagayen. In mai rawa ya makara, dole a jira zagaye na gaba, kuma masu kallo sun san wanda ya yi kuskure. Saboda haka ba ya jagora sai ya san kiɗan kamar makaɗi.

Wajen 1915 sabon salo ya ɓullo a arewacin tsibirin, gong kebyar, mai fara kiɗa kwatsam kamar walƙiya. A 1925 I Mario, mutumin Tabanan, ya ƙaga masa kebyar duduk, rawar da ake yi a zaune, da mafici a hannu. Nan kuwa kiɗa ne ke gaba, ido da yatsu da kafaɗu suna fassara shi gaɓa gaɓa.

Abin da ya kamata malaman da ke koyar da baris su lura da shi, shi ne kiɗan da aka naɗa a faifai ba ya kallon kowa. Yaron da ya koya da shi zai haddace inda angsel take, amma bai koyi kiranta ba.