Cefanen gwamnatin Amurka da batun kare muhalli

A ranar 20 ga watan Janairun 2025, sa'o'i kaɗan bayan da aka rantsar da shi a karo na biyu, Shugaba Donald Trump ya soke wani umarni da wanda ya gabace shi, Joe Biden, ya bayar a watan Disambar 2021. Umarnin ya buƙaci ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayyar Amurka su rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi a gine-ginensu da motocinsu da kuma kayan da suke saye.

Ba wannan ne karo na farko ba. Shekaru fiye da 30 ke nan shugabannin Amurka suna ba da irin wannan umarni, na baya yana gyara na gaba, ko kuma ya soke shi ɗungurungum. To amma duk da wannan kai-komo, akwai abubuwan da suka kafu har ba a iya tumɓuke su ba, akwai kuma waɗanda suka tsaya a kan takarda kawai.

Dalilin da ya sa ake wannan taƙaddama shi ne girman aljihun gwamnatin. Lokacin da Mista Biden ya sa hannu a kan nasa umarnin, fadar White House ta ce gwamnatin tarayya tana da gine-gine kimanin 300,000, da motoci 600,000, kuma tana kashe dala miliyan dubu 650 a kowace shekara wajen sayen kaya da biyan 'yan kwangila. Babu wani mai saye guda ɗaya a duniya da ya kai ta.

Mai saye irin wannan ba ya buƙatar kafa wa masana'antu doka kafin ya juya akalarsu. Ya isa ya ce ba zai sayi kaya ba sai sun cika wani sharaɗi, sauran aikin kuwa tsoron rasa ciniki ne zai yi shi.

Kwamfuta da takarda

Inda wannan dabara ta fi yin aiki shi ne a kan abubuwa biyu da ke kan teburin kowane ma'aikaci.

A shekarar 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ɓullo da wani tambari mai suna Energy Star, wanda ake manna wa kwamfutocin da ke rage shan wuta da kansu idan aka bar su a kunne ba a aiki da su. Da farko ganin dama ne, kamfanin da ya so ya bi, wanda bai so ba ya bari. A watan Afrilun 1993 sai Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin cewa hukumomin gwamnati su daina sayen kwamfuta ko injin buga takarda da ba ya ɗauke da tambarin.

Kamfanonin sun tarar cewa ƙera iri biyu, ɗaya na gwamnati ɗaya na sauran jama'a, ya fi tsada a kan su maida dukan kayansu su cika sharaɗin. Cikin 'yan shekaru kwamfuta mai yin barci da kanta ta zama ruwan dare a kasuwa, har a ƙasashen da ba su taɓa jin labarin umarnin ba.

A watan Oktoban wannan shekarar dai, Mista Clinton ya ce dole takardar rubutu da ta ɗab'i da gwamnati ke saye ta ƙunshi aƙalla kashi 20 cikin 100 na tsohuwar takardar da aka sake sarrafawa. An ɗaga adadin zuwa kashi 30 daga ƙarshen 1998. Kaso ƙalilan na takardar da ake sayarwa a Amurka ne gwamnatin tarayya ke saye, to amma gwamnatocin jihohi da jami'o'i da kamfanoni da dama sun ɗauki ma'aunin nata suka sa a cikin sharuɗɗan kwangilolinsu, domin ya fi musu sauƙi a kan su ƙirƙiro nasu.

Abin da ya haɗa waɗannan biyu shi ne sharaɗin a fili yake, ana iya auna shi, kuma jami'in da ke sayen kayan ba ya buƙatar zama masanin kimiyya kafin ya gane ko an cika shi. Ko dai akwai tambari a jikin kwalin, ko babu.

Mota ta samu, mai bai samu ba

Batun motoci kuwa ya nuna ɗaya fuskar lamarin.

Dokar makamashi ta 1992 ta tanadi cewa daga 1999, kashi 75 cikin 100 na ƙananan motocin da hukumomin tarayya ke saye a manyan birane su kasance masu iya aiki da wani mai da ba fetur ba. Hukumomin sun bi doka. Sun sayi dubban motocin da ke iya shan fetur ko kuma wani haɗi da akasarinsa sinadarin itanol ne, wanda a Amurka ake tatsa daga masara.

Sai dai gidajen man da ke sayar da wannan haɗi ba su da yawa, kuma galibinsu suna jihohin tsakiyar ƙasar ne inda ake noman masara. Direbobin gwamnati sun ci gaba da zuba fetur kamar yadda suka saba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne da yawa daga cikin motocin manya ne, masu shan mai fiye da waɗanda suka maye gurbinsu. A rahoton shekara-shekara an cika sharaɗi, a gidan mai kuwa babu abin da ya sauya.

A 2005 Majalisar Dokoki ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa, ta ce dole a riƙa zuba wa motocin man da aka saye su dominsa. To amma ta bar damar neman uzuri idan babu gidan man a kusa, kuma hukumomi sun yi ta neman uzurin.

Kuskuren shi ne an ƙidaya abin da aka saya, ba a ƙidaya abin da aka ƙona ba.

Gidan waya

Babu hukumar da ta fi nuna wahalar wannan aiki kamar hukumar gidan waya ta Amurka. Tana da motoci fiye da 200,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan motocin gwamnatin tarayya. Kuma hukuma ce mai cin gashin kanta, wadda ke gudanar da harkokinta galibi da kuɗin kan sarki da na aika kaya, ba da kuɗin haraji ba. Saboda haka shugaban ƙasa yana iya yi mata kira, amma ba ya iya juya ta kamar yadda yake juya sauran ma'aikatu.

Ƙashin bayan aikinta wasu fararen motoci ne masu siffar akwati da kamfanin Grumman ya ƙera daga 1987 zuwa 1994. An yi su ne don su yi aiki na shekaru 24, amma sun haura 30 suna kan hanya. Ba su da na'urar sanyaya iska, kuma ɗaruruwa daga cikinsu sun kama da wuta.

Masu fafutukar kare muhalli sun daɗe suna cewa babu aikin da ya dace da motar lantarki kamar raba wasiƙu. Hanyar sananniya ce, gajera ce, motar tana tsayawa tana tashi sau ɗaruruwa a yini, sannan ta kwana a wuri guda inda za a iya yi mata caji.

A watan Fabrairun 2021 hukumar, a ƙarƙashin shugabanta Louis DeJoy, ta bai wa kamfanin Oshkosh Defense kwangilar ƙera sababbin motoci da za su iya kai 165,000 cikin shekaru 10. Mista DeJoy ya shaida wa majalisa cewa kashi 10 cikin 100 ne kawai za su kasance na lantarki. Hujjarsa ita ce hukumar tana tafka asara, kuma ba ta da kuɗin sayen motocin masu tsada, balle na kafa wuraren caji a dubban ofisoshinta.

Hukumar EPA ta soki lissafin. Ta yi nuni da cewa sabuwar motar mai aiki da fetur za ta yi tafiyar mil 8.6 ne da galan guda idan an kunna na'urar sanyaya iska, alhali tsohuwar tana yin mil 8.2. Wato bayan shekaru 30, ribar da aka samu ba ta kai rabin mil ba. A watan Afrilun 2022 jihohi 16 suka kai hukumar gidan wayar ƙara kotu.

Ba kotu ce ta warware rikicin ba, kuma ba umarnin shugaban ƙasa ba ne. Kuɗi ne. A watan Agustan 2022 majalisa ta ware wa hukumar dala miliyan dubu 3 domin motocin lantarki da wuraren caji. Watanni huɗu bayan haka Mista DeJoy ya ba da sanarwar cewa daga cikin motoci 106,000 da za a saya zuwa 2028, aƙalla 66,000 za su kasance na lantarki.

A nan ya kamata a yi wa Mista DeJoy adalci: abin da ya faɗa tun farko, cewa matsalar ta kuɗi ce, shi ne ya tabbata.

Tsadar yau, arhar gobe

Wannan matsala ta kuɗin farko ita ce ke cin kusan kowace hukuma. Ana ba jami'i kasafin shekara guda, kuma an horar da shi ya zaɓi tayin da ya fi arha. Fitila ko injin sanyaya gini mai tsimin wuta ya fi tsada a ranar saye, ribarsa kuwa sai bayan shekaru, lokacin da watakila jami'in ya bar ofis, kuma a wani sashen kasafin ne za a ga rarar.

Hanyar da Amurka ta bi wajen kauce wa wannan ita ce wata irin kwangila da dokar 1992 ta ƙarfafa. Kamfani mai zaman kansa ne zai zuba kuɗinsa ya sauya fitilu da tagogi da injinan ɗumama gini, sannan a riƙa biyansa daga rarar kuɗin wutar da aka samu, har tsawon shekaru 25. Kamfanin ne ke ba da tabbacin cewa rarar za ta samu. Gwamnatocin jam'iyyun biyu sun yi amfani da wannan tsari ba tare da wata hayaniya ba, saboda ba ya buƙatar sabon kasafi.

Inda tsadar ta fito fili kuwa, sai surutu ya tashi. A 2012 rundunar sojin ruwan Amurka ta gwada jiragenta da man da aka sarrafa daga tsohon man girki da gansakuka, a wani atisaye a tekun Pasifik. Ta sayi galan 450,000 a kan dala miliyan 12, wato kimanin dala 26 kowane galan, a lokacin da man da ta saba saye bai kai dala 4 ba. Sakataren rundunar, Ray Mabus, ya kare matakin da cewa sayen farko ne ke buɗe kasuwa har farashi ya sauko. 'Yan majalisa na jam'iyyar Republican suka ce ba aikin soja ba ne raya masana'antar da ba ta tsaya da ƙafarta ba. Muhawarar tana da nauyi, ganin cewa ma'aikatar tsaro ita kaɗai ke shan kusan kashi uku cikin huɗu na makamashin da gwamnatin tarayya ke amfani da shi.

Umarni da doka

Ba 'yan jam'iyyar Democrat kaɗai ne suka yi wannan yunƙuri ba. A watan Janairun 2007 Shugaba George W. Bush ya umarci hukumomi su rage makamashin da gine-ginensu ke sha da kashi 30 cikin 100 zuwa 2015, kuma a ƙarshen shekarar majalisa ta maida wannan adadi doka. Ba a cimma shi ba, amma an rage fiye da kashi 20.

Barack Obama ya faɗaɗa shirin a 2009 da kuma 2015. Mista Trump ya soke shi a 2018 ya maye gurbinsa da wani mai sassauci. Mista Biden ya zo da buri mafi girma: wutar lantarkin gwamnati ta daina fitowa daga abin da ke fitar da hayaƙi zuwa 2030, dukan sababbin motoci su zama marasa hayaƙi zuwa 2035. Wannan shi ne aka soke a 2025. A watan Fabrairun shekarar Mista Trump ya ƙara da wani umarni da ya hana hukumomi sayen ɗan bututun zuƙar lemo na takarda, a koma na roba.

Sai dai alƙalamin shugaban ƙasa ba ya goge abin da majalisa ta zartar. Wajibcin fifita kayan da aka sake sarrafawa yana cikin wata doka ta 1976, na sayen kaya masu tsimin wuta kuma yana cikin dokar makamashi ta 2005. Sauya su sai an koma majalisa.

Haka ma kuɗin gidan waya. A tsakiyar 2025 wasu 'yan majalisar dattawa na Republican sun nemi a tilasta wa hukumar sayar da motocinta na lantarki da kayan cajinsu, ta hanyar cusa batun a cikin wani babban ƙudurin haraji. Jami'ar da ke fassara ƙa'idojin majalisar ta ce batun ba zai wuce ta wannan hanya ba sai da ƙuri'u 60, sai aka cire shi. Hukumar da kanta ta yi gargaɗin cewa komawa baya zai jawo mata asara mai yawa, tun da an riga an haƙa ƙasa an binne wayoyi.

Kamfanin Oshkosh ya yi jinkiri sosai wajen miƙa motocin, abin da masu suka suka riƙe a matsayin hujja. Rukunin farko dai ya fara raba wasiƙu a garin Athens na jihar Jojiya a watan Agustan 2024, kuma abin da masu raba wasiƙun suka fi yabawa a cikinsu shi ne na'urar sanyaya iska.